Littafi Mai Jan Bango

Shekara goma sha ɗaya ina bayan wannan kanta
a Aboabo, gab da kwatar da ke tumbatsa in an yi ruwa,
ina miƙa magani ta 'yar taga,
ina rubutawa a littafi mai jan bango:
kwanan wata, abin da aka saya, sidi nawa.
Ba don ilimi ba. Don kada mai kanti ya ce na ci.

Wata Talata sai ga yarinya daga jami'a,
lema a hannu, kwamfuta a jaka.
Ta ce sunanta Afiya.
Na ce, ƙara "la" a gaba
ki zama abin da kowa ke zuwa nema a nan.
Sai da na maimaita da Tonanci ta yi dariya.
Littafin take so ta gani.
Wai sawun mura take bi.

Na ce mura ba ta da sawu,
baƙuwa ce da ba ta sallama.
Ta ce, buɗe damunar bara.

Na lashi yatsa, na buɗe.
Satin farko, maganin tarin yara, kwalba tara.
Sati na biyu, arba'in da ɗaya.
Na tuna, har Adum na aiki Mutawakilu ya ƙaro kwali,
ya dawo jiƙe sharkaf yana zagin direba.
Lokacin ba a daɗe da komawa makaranta ba.
Sati na uku yara suka lafa,
ƙwayoyin manya suka ɗauka:
mai wake da shinkafa ta bakin tasha,
yaran mota, tela Abiba da 'yan koyonta huɗu.
Uwar da ta share hancin ɗa da bakin zani
ita ce ta dawo tana magana ta hanci.
Sati na biyar kuwa, man shafa ƙirji,
da na tari marar sukari.
Na tsofaffi ke nan.

Ta danna, ta danna, ta juyo mini da allon.
Tudu uku, wannan na bin wannan,
kamar kunyar doya a gonar Ejura.
Ni da na rubuta kowane layi da hannuna
ciniki kawai na gani.

Amma na ce mata, 'yar nan, littafi ba ya jin tari.
Mai saye ba lallai shi ne mai ciwo ba.
Akwai gidan da citta da kanumfari suka tsayar,
ba su taka nan ba.
Akwai 'yar dakon da ke sayen ƙwaya biyu rak
don sauran kuɗin na koko ne.
Ta rubuta wannan ma, a gefe, da biro.

Sai yatsanta ya tsaya a kan wani layi.
"Bashi, sidi goma sha biyu." Ba a soke ba.
Wannan fa?

Baba Gariba ne.
Sati na biyu ya zo da jikarsa Sahura a kafaɗa,
tana atishawa a cikin gemunsa, yana dariya,
ya ce rubuta, ran Juma'a zan kawo.
Sahura ta warke, tana aji uku yanzu.
Shi a sati na biyar bai sayi komai ba.
Daga gida aka wuce da shi Tafo.

Ta duba allonta, sama da ƙasa.
Babu gurbin da za ta sa shi.
Ta rufe kwamfutar. Ruwa na dukan kwano.
Mun daɗe ba wanda ya ce uffan.

Tun daga nan, in kwalaben yara suka haura ashirin,
nakan rufe taga bayan la'asar
in je bencin dattawa a ƙofar masallaci
in ce, ku ɗan rage ɗaukar jikoki, ga ta nan tafe.
Sukan ce Iddirisu mai kemis ya koma duba.
Wasu kan ji. Akasari ba sa ji,
wa zai ture jika daga cinya?

Yau na sayar da goma sha bakwai.
Ko azahar ba a kira ba.